Tufafin kariya na masu babur: Abin da mai babban jiki zai duba kafin ya saya

Tufafin kariya na masu babur su ne jaket da wando da safar hannu da takalmi waɗanda ake ɗinkawa musamman domin su tsare jikin mahayi idan ya faɗi, sai kuma hular kwano wadda ke tsare kai. Manyan nau'o'insu biyu ne, na fata da na yadi. Na yadin, waɗanda ake saƙawa da zaren nailan ko foliyesta mai kauri, su suka fi dacewa da ƙasa mai zafi irin Arewacin Najeriya, domin ba su kai na fata nauyi ba, sun fi shan iska, kuma suna wankuwa.

Amfanin waɗannan tufafi ya rataya ne a kan zamansu a jiki. Ana cusa garkuwar roba a kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, kuma garkuwar ba ta tsinana komai sai idan tana kan gaɓar da aka yi ta dominta a daidai lokacin da mutum ya kai ƙasa. A nan ne mai babban jiki, wato mai faɗin ƙirji da kaurin damtse ko mai tumbi, yake shan wahala. In ya sayi jaket da ta rufe cikinsa, hannu ya yi masa tsawo, garkuwa ta zame daga muhallinta. In kuwa ya sayi wadda ta dace da tsawonsa, zif ya ƙi rufuwa.

Babur a Beli da kewayenta

Beli na ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Rogo, a yammacin Jihar Kano, yankin da ya yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Rogo da Karaye su ne ƙananan hukumomi biyu da suka haɗu suka zama Masarautar Karaye a tsarin da aka kafa a shekarar 2024. Yanki ne na manoma, kuma babur shi ne abin hawan da ke sada gona da gida, gida da kasuwa. A kansa ake kai taki, a kansa ake ɗauko buhun masara, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai malami makaranta daga Beli zuwa Fulatan ko Zarewa ko Ruwan Bago.

A watan Janairun 2013 Gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero. A karkara kuwa babur bai gushe ba yana riƙe da matsayinsa, musamman irin su Bajaj Boxer da ke jure wa kaya da ramuka.

Hanyoyin yankin gauraye suke. Akwai kwalta a tsakanin manyan garuruwa, akwai burji da yashi da taɓo a tsakanin ƙauyuka. Kowace da irin faɗuwarta. Kwalta da tsakuwar burji suna gurje fata, yashi yana kwashe tayar gaba ba zato, taɓon damina kuma yana kayar da babur a kan ƙafar mai shi. Raunin da zai kwantar da manomi mako shida a watan Yuli yana iya cinye masa noman shekara, ko da bai kai ga kwanciya a Asibitin Ƙashi na Dala ba.

Daga lifidi zuwa jaket

Sanya tufa mai kauri domin tsare jikin mahayi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi tufa ce da ake cusa wa auduga a ɗinke ta layi-layi, a sanya wa doki da mahayinsa domin ta rage kaifin kibiya da sara. Har yau ana ganin 'yan lifidi a hawan Sallah.

Hikimar da ke cikin lifidi ita ce dai ke cikin jaket ɗin babur: yadi mai ƙarfi a waje, abu mai laushi da ke shanye duka a ciki, da ɗinki mai riƙe su wuri guda.

Aikin da tufafin ke yi

Idan mai babur ya faɗi, abu biyu ke faruwa a jere. Da farko gaɓoɓinsa su bugi ƙasa, sannan jikinsa ya ja a kan hanya har sai ya tsaya. Garkuwa ita ke tarar bugun, yadi kuma shi ke ɗaukar gurzar. A gwajin da ake yi da injin gurza yadi, wandon jins na yau da kullum ba ya cika daƙiƙa ɗaya kafin ya huje. Shadda da yadin kaftani ba su kai jins kauri ba.

Wani bincike da Liz de Rome da abokan aikinta suka gudanar a Kanbera ta ƙasar Ostareliya, aka wallafa a 2011, ya bi diddigin masu babur 212 da suka yi haɗari. An gano cewa waɗanda ke sanye da tufafin babur masu garkuwa sun samu raguwar rauni da kashi 23 cikin 100 a jikin sama, kashi 45 a hannuwa, kashi 39 a ƙafafu. Binciken bai ga shaidar cewa tufafin na hana karaya ba. Abin da suka fi ragewa shi ne gurjewa da yankewa da ɓarewar nama. Ya kuma nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na tufafin sun yage a lokacin haɗarin, alamar cewa ba kowace jaket mai sunan ta babur ce ke da inganci ba.

Nauyin mahayi na da tasiri a wannan lissafi. Mutum mai kilo 110 yana kaiwa ƙasa da ƙarfin da ya zarce na mai kilo 70 da fiye da rabi, alhali gudunsu ɗaya. Idan kuma gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin faɗuwa yana ninkawa sau huɗu. Saboda haka yadi da ɗinkin da ke jikin ƙaton mutum sun fi shan matsi.

Yadi da ɗinki

Ana auna kaurin zaren yadin da ma'aunin da ake kira diniya, wanda ake rubutawa da harafin D a bayan lamba. Ma'anarsa nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Jaket da yawa ana yin jikinsu da foliyesta mai lamba 600D, a ƙara wa kafaɗa da gwiwar hannu yadi mai lamba 1000D ko sama da haka. Idan kauri ya zo ɗaya, nailan ya fi foliyesta jure gurza, kuma mafi shahara a cikin yadin nailan shi ne Cordura.

Wasu tufafin ana yi musu shafi da Kevlar, zaren da Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Kevlar ba ya narkewa kamar nailan da foliyesta, sai dai hasken rana yana rage masa ƙarfi, shi ya sa ake ɓoye shi a ciki.

Sau da yawa ɗinki ke fara budewa kafin yadi ya huje. Jaket ta ƙwarai tana da layin ɗinki biyu ko uku a kafaɗa da hannu, ɗaya daga ciki a ɓoye yadda hanya ba za ta ci zarensa ba. Mai saye zai iya juya jaket ɗin ya duba, ya kuma kama ɓangarori biyu na ɗinkin ya ja da ƙarfi. Idan ramukan allura suka buɗe har haske ya ratsa, ɗinkin ba zai riƙe ba.

Alamomin inganci

Tun daga watan Afrilun 2018 dokar Tarayyar Turai ta ɗauki tufafin babur a matsayin kayan kariya da tilas a gwada su kafin a sayar. Ƙa'idar gwajin jaket da wando ita ce EN 17092, wadda ta fito a 2020. A jikin tufar da ta ci gwajin akwai tambarin CE, da ɗan hoton mutum a kan babur, da lambar ƙa'idar, da harafin matsayi.

Matsayin guda biyar ne. AAA shi ne mafi ƙarfi, ana gwada kafaɗarsa da gwiwarsa a gurzar da ta yi daidai da gudun kilomita 120 a awa. AA ana gwada shi a kilomita 70, A kuma a kilomita 45. B yana jure gurza amma ba shi da garkuwa, C kuwa riga ce mai riƙe garkuwa kawai, ba ta jure gurza, ana sanya ta ne tare da wata tufar. An tsara matsin injin gwajin ne bisa mahayi mai nauyin kilo 75, don haka wanda ya ɗara wannan nauyi sosai, kuma yake yawan hawa kwalta, ya fi masa alheri ya nemi AA idan da hali.

Ita ma garkuwa tana da tata ƙa'idar. Ta gaɓoɓi tana ɗauke da lamba EN 1621-1, kuma mataki biyu ce. A mataki na 1, matsakaicin ƙarfin dukan da ke ratsawa ba ya wuce kilonutan 35, a mataki na 2 ba ya wuce 20. Ta gadon baya lambarta EN 1621-2, iyakarta kilonutan 18 a mataki na 1, da 9 a mataki na 2. Haruffan da ke jikin garkuwar suna nuna muhallinta: S kafaɗa, E gwiwar hannu, H kwankwaso, K gwiwar ƙafa.

Akwai wani harafin da ya shafi mai babban jiki kai tsaye. Garkuwar gaɓoɓi girma biyu ce, A ƙarama, B babba. Mai faɗin kafaɗa da kaurin gwiwa B ce tasa, domin ƙaramar ba ta rufe gaɓar duka. Jaket da yawa kuma suna zuwa da soso mai laushi a aljihun baya. Wannan soso cike gurbi ne kawai, sai an cire shi an saka garkuwa mai lamba.

Ana samun tambarin CE na jabu a kasuwa. Tufar da ke da haruffan CE kaɗai, babu lambar ƙa'ida, babu harafin matsayi, ba abin dogaro ba ce.

Inda mai babban jiki ke samun tangarɗa

Kamfanoni suna yanka tufafi ne bisa jikin da tsawonsa da faɗinsa ke tafiya tare, duk sa'ad da aka ƙara faɗi sai a ƙara tsawo. Mutumin da ya fi faɗi bisa tsawo ba ya cikin wannan lissafi. Idan ya hau lamba biyu domin tumbinsa, sai ɗinkin kafaɗa ya sauko kan damtse, garkuwar gwiwar hannu ta gangaro kusa da wuyan hannu, ta gwiwar ƙafa ta koma ƙwauri. Jaket mai yalwa kuma tana naɗewa sama idan mutum ya ja a ƙasa, ta bar ƙugu da ciki a buɗe.

Matsattsiya ma tana da nata aibin. Zif da ɗinkin da suke a ɗaure tun kafin faɗuwa su ke fara fashewa. Tana hana numfashi sosai, tana hana juya wuya a duba baya, kuma hannun da ya matse damtse yana sa yatsu su yi sanyi su mutu a doguwar tafiya. Ƙarshenta sai mai ita ya riƙa barin zif a buɗe, ko ya rataye ta a ƙusa.

Al'adar sutura ma tana taka rawa. Bahaushe ya saba da tufa mai yalwa, kuma ƙasaitar babbar riga a faɗinta take. Idon da ya saba da haka zai ga jaket ɗin da ta zauna daidai kamar ta yi kaɗan. Ƙa'idar a nan ita ce tufar ta kama jiki ko'ina ba tare da ta ƙuntata ba.

Yadda ake awo

Kafin a nufi kasuwa, ya kamata a je wurin tela ya yi awo da tef, a rubuta a takarda da inci da kuma santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ana yin awon ne a kan singileti ko riga marar kauri, mutum na tsaye yadda ya saba, ba tare da ya shanye ciki ba.

Wuraren da ake aunawa su ne ƙirji a inda ya fi faɗi, tef ya bi ta ƙarƙashin hammata, ciki a kan cibiya, ƙugu a inda wando ke zama, faɗin kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi, kaurin damtse, tsawon hannu daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kaurin wuya, kaurin cinya da na sharaɓa, sai tsawon ƙafa ta ciki. A ƙara da tsawon baya daga ƙugu zuwa saman kafaɗa, domin da shi ake zaɓar garkuwar gadon baya, kuma ana rubuta wannan awo a jikinta.

Wanda awon cikinsa ya fi na ƙirjinsa, yankan masu tumbi zai nema. Wanda ƙirjinsa ya ɗara cikinsa sosai, kamar ɗan dambe ko maƙeri, da awon ƙirji zai zaɓa, sannan ya tsuke ƙugu da maɗauri.

Lambobin girma

Haruffan XL da XXL da 3XL ba su da ma'auni guda a duniya. Abin da aka ɗinka domin kasuwannin Asiya yakan fi na Turai ƙanƙanta ko da harafin ɗaya ne. Yankan kamfanonin Italiya yakan zo a tsuke, na Amurka kuma a yalwace. Don haka awon tef shi ne alƙali.

Lambar Turai ta fi sauƙin fahimta, domin kusan rabin awon ƙirji ce a santimita. Lamba 56 ta mai ƙirjin santimita 112 ce, wato kimanin inci 44. Lamba 60 ta mai santimita 120 ce. A tsarin Jamus akwai ƙarin jeri uku. Na gajeru masu kauri ana raba lambar gida biyu, don haka 28 faɗinta ɗaya da 56 amma hannu da ƙafa sun fi gajarta. Na dogaye yana kamawa ne daga wajen 90 zuwa sama, inda 110 take daidai da 56 mai tsawo. Na masu tumbi kuma lambobinsa mara ne, kamar 55 da 57 da 59. Wanda ya ci karo da lamba 28 ko 30 a jikin babbar jaket a dilar gwanjo kada ya ɗauka ta yara ce.

Ba dole ba ne jaket da wando su zo lamba ɗaya. Mutum na iya sanya 60 a sama, 56 a ƙasa.

Gwaji a kan babur

An yanka tufafin babur ne domin mutumin da ke zaune ya miƙa hannu gaba, shi ya sa sukan yi wani iri idan ana tsaye. Gwajin gaskiya a kan babur ake yin sa, ko a kan benci idan babu babur a kusa. A rufe zif har wuya, a ɗaure duk maɗaurai, a zauna, a miƙa hannu kamar an riƙe kan babur.

A wannan zama, hannun jaket ya rufe wuyan hannu, bayanta ya sauka ya rufe bakin wando da kamar faɗin tafin hannu. Tsinin gwiwar hannu ya zauna a tsakiyar kwarmin garkuwarsa. Sai wani ya kama garkuwar ya yi ƙoƙarin murɗa ta gefe. Idan ta bar kan gaɓar cikin sauƙi, hanya ma za ta kawar da ita. Sannan ya kama gindin jaket ɗin ta baya ya ja sama. Idan ta hau har tsakiyar baya, ta yi yawa.

Mahayin ya ja dogon numfashi, ya juya kai dama da hagu, ya rungume kafaɗunsa da hannuwa biyu, ya tsuguna ya miƙe. Duk inda ya ji zif na shirin fashewa, ko wuyan jaket na shaƙe shi, girman bai yi ba.

Abubuwan da ke taimakon mai babban jiki su ne maɗaurai a damtse da ƙasan gwiwar hannu da ƙugu, da yadi mai talewa a bayan kafaɗa da gefen ciki, da zif na ƙarin faɗi a gindin jaket. Jaket mai ɗan tsawo da ke sauka kan kwankwaso ta fi gajeriya rufe mai tumbi. Wasu suna da zif ko madauki da ke haɗa jaket da wando, wanda ke hana ta naɗewa.

Wando, safar hannu, takalmi da hula

A ƙaramin gudu irin na hanyar ƙauye, ƙafa ce ta fi shan rauni, domin babur kan faɗo mata, salansa kuma ta ƙone ta. A zaune ake duba garkuwar gwiwa. Idan mutum na tsaye tana ɗan sauka ƙasa da ƙoƙon gwiwa, idan ya zauna sai ta hau kansa. Wando mai kyau yana da aljihun garkuwa mai hawa biyu ko uku. Mai tumbi ya fi jin daɗin wando mai tsawo ta baya wanda ake riƙewa da igiyar kafaɗa, domin bel yakan gangara ƙarƙashin ciki ya ja garkuwar ƙasa.

Duk wanda zai faɗi, hannu yake fara kaiwa ƙasa. Ana auna safar hannu ne da kewayen tafi a ƙasan yatsu, ban da babban yatsa. Ta kasance da ƙarin fata a tafi da maɗauri a wuyan hannu, kuma idan an ɗaure aka ja ta daga yatsu kada ta fita. Lambar ƙa'idarta EN 13594.

Takalmi ya rufe idon sawu, tafinsa ya yi taurin da ba zai murɗu a hannu ba. Lambar ƙa'idarsa EN 13634. Binciken na Kanbera ya nuna cewa ko but na aiki wanda ba na babur ba ya rage raunin ƙafa sosai idan aka kwatanta da takalmi marar wuya. Silifa da fade ba su tsare komai.

Hular kwano ita ce gaba da duka. Nazarin Cochrane na 2008 ya nuna tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sanya ta a ranar 1 ga Janairun 2009, lokacin da aka riƙa ganin wasu 'yan acaɓa a Kano suna kifa ƙwarya a ka domin kauce wa kamu. Girman jiki ba ya nuna girman kai, don haka ana auna kewayen kai ne a ɗan sama da gira. Santimita 59 zuwa 60 yawanci L ce, 61 zuwa 62 XL, 63 zuwa 64 XXL. Ba a ɗora ta a kan zanna ko kufi, ba a barin igiyarta a kwance, kuma hular magina ba ta maye gurbinta.

Bazara, damina da hunturu

A watannin Maris zuwa Mayu zafi a Jihar Kano yakan kai digiri 40, kuma babban jiki ya fi jinkirin fitar da zafi. Jaket mai kauri marar ƙofar iska tana iya jawo jiri da kasala, waɗanda su kansu sababin haɗari ne. Abin da ya dace da wannan yanayi shi ne jaket mai raga a ƙirji da baya da cikin hannu, mai cikakken yadi a kafaɗa da gwiwar hannu. Irin wannan yawanci matsayin A ce, wasu AA. Jaket mai matsayin A da ke jiki kullum ta fi AAA da ke rataye a ɗaka. Launi mai haske ya fi baƙi sanyi, kuma direbobi sun fi hango shi. Jiƙa rigar ciki da yawan shan ruwa suna rage wahalar tafiyar rana.

Da damina, rigar ruwa mai yalwa da ake ɗorawa a kan jaket ta wadatar. Da hunturu kuma ana sanya rigar sanyi a ciki, ko shafin da ke zuwa da wasu jaket ɗin. A nan akwai abin lura: jaket da aka gwada da shafinta a ciki za ta yi yawa idan aka cire shi. A gwada ta a hali biyun, a tabbatar maɗaurai na iya tsuke ta.

Gwanjo da gyaran tela

Sabbin tufafin babur masu lamba suna da tsada kuma ba su yawaita a kasuwa ba, don haka mafi yawan masu nema gwanjo suke dosa, kamar na Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano. Kayan Turai da Amurka sukan zo da manyan lambobi, abin da ke yi wa mai babban jiki daɗi. Sai dai a duba alamar gurza ko narkewa a kafaɗa da gwiwa, a duba zif, a ciro garkuwa a lanƙwasa ta. Wadda ta bushe, ta tsage ko take marmashewa ta gama aiki. Ita kuwa hular kwano ba a saya ta hannu, domin lahanin cikinta ba ya bayyana a waje.

Tela na iya rage tsawon hannu ko ƙafa daga baki, ya ƙara maɗauri, ko ya matsar da aljihun garkuwa. Masu ɗinkin kushin da dukawa suna da keke da zaren da ke iya huda irin wannan yadi. Abin da ba a so shi ne a farke ɗinkin kafaɗa ko na gefe a ƙara ƙyallen shadda domin faɗi, domin nan ne zai fara yagewa. Aron jaket ɗin wani ma bai cika yin amfani ba, kayan aro ba ya rufe katara.

Wanda ƙarfinsa bai kai ya haɗa duka lokaci guda ba, sai ya fara da hula, ya bi da takalmi da safar hannu, sannan jaket da wando. Akwai kuma garkuwar gwiwa mai maɗauri da ake ɗaurawa a kan wando ko a ƙarƙashinsa, wadda ba ruwanta da girman tumbi.

Babbar riga da kulawa da kaya

Mai zuwa ɗaurin aure ko sallar Juma'a a kan babur zai fi samun kwanciyar hankali idan ya ninke babbar rigarsa a jaka, ya sanya ta idan ya sauka. Bakin riga da jelar rawani da mayafi ko hijabin wadda aka goya suna iya shiga sarƙa ko tayar baya, su fizgo mutum ƙasa. A tattare su a kan cinya kafin a tashi.

Wajen wanki, ana cire garkuwa tukuna, a wanke da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, ba a kuma sa dutsen guga. Bayan kowace faɗuwa a sake duba ɗinki da garkuwa. Jiki ma yana sauyawa, don haka wanda ya ƙara ƙiba ko ya rame sai ya maimaita gwajin zama a kan babur, ya ga ko garkuwar na nan a kan gaɓarta.

Tufafin kariya suna rage gurjewa da zafin bugu ne kawai. Ba su hana karaya idan babur ya yi karo da mota, kuma ba su maye gurbin birki mai ci, da taya mai kyau, da fitila mai haske, da gudun da ya dace da hanya.